Abokiyar Gudun Asuba

Likitan Shika ya dube ni ta saman tabarau,
ya ce, "Malam Ilu, jininka ya hau.
Ko ka yi gudu, ko a yi gudu da kai."
Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Tun ranar, in an sallame asuba,
daga Tudun Wada nake miƙewa Ƙofar Doka,
in juyo ta Gyallesu kafin mai ƙosai ta ɗora kasko.
Amma gudu shiru, daga kai sai hakinka,
zaman makoki ne ake yi a tsaye.

Waya na fara ɗauka.
Ta yi tsalle daga aljihu, ta sumbaci kwalta,
fuskarta ta tsattsage kamar fadama a bazara.
Na sayi wata 'yar ja mai ƙyalli,
gumi ya bi ta kafar caji,
kwana tara ta yi a duniya.
Ta uku ruwan Agusta ne ya ritsa mu,
ta yi tari sau biyu a kunnena, ta cika.

Sai na nufi Sabon Gari, rumfar Tasi'u,
wanda ke ajiye ƙananan kusoshi a murfin kwalba.
Na ce, "Yaro, ban zo neman amarya ba.
Abokiyar wahala nake so."

Ya jera mini uku a kan gilashi.
Ta farko sai an shafa take magana.
Na ce, "Yatsa mai gumi ba ya shafa, zamewa yake."
Ta biyu ta cika tafin hannu, ga nauyi,
wa ke gudu da dutsen guga a ƙugu?
Ta ukun baƙa ce, gajera, ba fuska,
kamar akwatin ashana da ya sha hayaƙi,
da maƙali a bayanta mai cizo irin na ƙaguwa.
Madannai uku, makaho ma zai gane su.

Tasi'u bai yabe ta ba.
Ya ɗaga ta daidai kafaɗa, ya saki.
Siminti ya amsa, gabana ya faɗi.
Ya huda ledar ruwa da haƙori, ya tsiyaya mata,
ya goge a hannun riga, ya miƙo mini igiyar kunne.
Kalangu na ciki, bai ko yi tuntuɓe ba.
"Caji fa?"
"Mako guda, Baba, ko sun ɗauke wuta sun manta."
Muka ja, muka saki, muka sake ja,
na biya, ya ce albarka, har da ƙarin robar kunne.

A gida Zulaihatu ta karɓe ta ta zuba kiɗa,
gurmi, kotso, da garayar da nake so,
tana ta murmushin da ban gane ba.

Washegari na maƙale ta a wuyan riga.
Ƙafar dama ta ɗauki kalangu, hagu ta amsa.
Can wajen hawan nan da kullum nake sarewa,
inda gwiwa ke roƙo, ƙirji ke hura wuta,
kiɗa ya tsaya cak.
Na ce shi ke nan, ita ma ta bi 'yan'uwanta.
Sai ga murya, ƙarama, da kukan zakaranmu a bayanta:
"Baba, kar ka tsaya. Saura kaɗan."

Damina biyu ke nan.
Ta faɗi a kwata, ta kwana a aljihun wanki,
fentinta ya goge, kusurwa ɗaya ta ɓantare.
Ni ma haka.
Likita ya rage mini ƙwaya ɗaya.
Har yau ban san dabarar yarinyar nan ba,
amma muryar ba ta taɓa zuwa a gangara ba.